Yanda na shiga The Price Is Right lokacin Drew Carey yana sabo, da rigimar dala ɗaya

Tun ranar da bakina ya suɓuce a wajen wani suna nace na taɓa shiga wasan The Price Is Right mutane suka hana ni sakat, wannan tace ya akayi aka zaɓe ki, wancan yace wai da gaske ana ba mutum kayan ko duk shiri ne, wata kuma ita damuwarta kawai ina motar. Toh babu mota, bari in fara da wannan kowa ya huta. Sauran kuma zan faɗa muku yanda abun ya tafi tun daga tikiti har zuwa takardar haraji.

Ga wanda bai san shirin ba, wasa ne na talabijin a Amurka da tashar CBS ke nunawa da safe Litinin zuwa Juma'a, kuma duk abun a kan farashin kaya yake. Za'a kira mutum huɗu daga cikin 'yan kallo su sauko gaba su tsaya a jere, a turo wani kaya, firij ko kujeru ko keke, kowa ya faɗi nawa yake ganin kuɗinsa. Wanda ya fi kusa da ainihin farashin ba tare da ya haura ba shi ya ci kayan, kuma shi zai hau dandamali ya buga wani wasan na daban inda ake cin manyan abubuwa. Wannan "ba tare da ya haura ba" ɗin ku riƙe shi da kyau, dan duk dabarar a cikinsa take. Mutum tara kacal ake kira a kowane shiri, wasanni shida ake yi a dandamali.

Ni a wajen aiki na san shi. Lokacin ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a Los Angeles, akwai wata tsohuwa da nake zuwa wajenta da safe, Mama nake ce mata ita ma ta saba, ƙarfe 10 na yi ko magani ba za ta karɓa ba sai an kunna mata shirin. Ita kam Bob Barker ne mutuminta, tun 1972 yake gabatar da shirin, shekara 35 cur, har ya ajiye yana da shekara 83, shirinsa na ƙarshe aka nuna 15 ga Yuni 2007. Da aka sanar a watan Yuli cewa Drew Carey ne zai gaje shi, wani mai barkwanci ɗan Cleveland mai tabarau mai baƙin firam, Mama ta rantse ta daina kallo. Ranar 15 ga Oktoba da aka nuna shirinsa na farko ita ta fara tambayata ina rimot. Ta kalla daga farko har ƙarshe tana mita, wai yana sauri, wai dariyarsa tayi yawa, wai ko tsayuwa bai iya ba. Washegari ma ta kalla tana mita, haka muka cigaba.

A wajenta na koyi abu biyu. Na farko kaya suna maimaituwa, miyan gwangwanin da kika gani yau za ki sake ganinsa bayan sati biyu a wani wasan da farashi ɗaya, injin wankin nan zai dawo, agogon nan zai dawo. Sai na samu wani ƙaramin littafi ina rubutawa, tana faɗa ina rubutawa. Na biyu, farashin da suke nufi ba wanda kike gani a shago ranar rangwame bane, farashin da kamfanin da ya ƙera kayan ya sa ne, kuma kusan kullum ya fi na shago tsada. Mu da muka saba bin araha idonmu ƙasa yake ja, in zuciyarki tace 700 toh sau da yawa abun ya haura haka. Ido ba mudu bane amma ya san kima, sai dai a nan kimar sai an ɗan ɗaga ta.

Tikiti kyauta ne, ta intanet na nema. Da na gaya ma Yayata, ɗiyar wan babanmu ce da muke zaune gida ɗaya, cewa tayi "ke 'yar nan, caca za ki kai mu?" Nace Yaya wace caca, ko sisi ba'a sawa, ba kuɗin shiga, ba abun da za ki rasa sai barcinki, kamfanoni ne ke ba da kaya dan a tallata musu. Tayi shiru tace toh in haka ne da ita za'a je, amma ita in aka kira ta ba za ta yi tsalle a gaban duniya ba. Nace kar ki damu Yaya, da wannan fuskar taki ba wanda zai kira ki.

Abun da mutane basu sani ba a wancan lokacin tikitin ba shi ke ba ki kujera ba, suna raba fiye da kujerun da ke akwai, dan haka sai an yi sammako. A lokacin a CBS Television City ake ɗauka, kusurwar titin Beverly da Fairfax, dab da tsohuwar kasuwar Farmers Market. A watannin ƙarshe na Bob Barker mutane kwana suke a bakin titi da barguna, lokacin da muka je farkon 2008 abun ya ɗan lafa amma duk da haka muna idar da asuba muka fita, muka tarar layi ya riga ya miƙe, ga sanyi. Daga nan sai jira. A ba ki lamba, ki jira, a duba katin shaida, ki jira, ki cike takarda, ki koma kan dogon benci ki jira. Wasu matasa ma'aikata masu jar kwat su ke bi suna rubuta suna a wata takarda ruwan ɗorawa mai siffar tambarin farashi a manna miki a ƙirji, kuma sunanki na katin shaida za su rubuta, ba sunan gayu ba. Yawancin mutane rukuni rukuni suke zuwa da riga iri ɗaya da suka buga ma rubutu, 'yan makaranta, 'yan coci, sojojin ruwa da kakinsu, dangi guda. Mu kam atamfa muka sha da ɗaurin ɗankwali, na ɗora gyale, kuma da gangan na zaɓi mai haske.

A bencin nan muka zauna kusa da wata dattijuwa baturiya da ta zo daga wata jiha mai nisa ita da jikarta, tace tun tana amarya take kallon shirin kuma burinta ta zo zamanin Bob amma Allah bai yi ba. Yaya ta buɗe cincin ɗin da muka taho da shi ta miƙa mata, ita kuma ta ba mu lemo, ta riƙe mana waje da muka zaga, kafin rana tayi tsaka mun zama kamar mun shekara tare. Ku riƙe ta a rai, za ta dawo.

Yanzu ga amsar tambayar da aka fi yi mun. Ba ƙuri'a ake jefawa ba, zaɓa ake. Kafin a shiga ciki ana jera ku kamar goma goma a gaban furodusa, a lokacin Stan Blits ne mai wannan aikin, zai bi ku ɗaya bayan ɗaya ya tambayi sunanki, daga ina kike, me kike yi, wata na zaune a bayansa tana rubutu, kuma duk abun daƙiƙu ne, kafin ki haɗiye miyau ya wuce na gaba. Mutum wajen ɗari uku zai gani a haka ya fitar da tara. Na lura da waɗanda ke gabanmu, masu ihu da tsalle kamar an zuba musu ƙaiƙayi da wuya ya daɗe a kansu, masu noƙe noƙe ma haka. Da ya zo kaina na gaya mai aikina, nace akwai tsohuwar da ta koya mun farashin komai kuma tana can gida tana jiran in kunyata ta ko in fitar da ita kunya, na faɗa ina dariya da ƙarfi. Ya ɗan tsaya ya ƙara mun tambaya ɗaya. Yaya kuwa da aka zo kanta sunanta ta faɗa kamar tana gaban alƙali. Ba wanda zai ce miki an zaɓe ki, haka za ki shiga baki san komai ba. Wayoyi ma karɓewa suke a ƙofa.

Situdiyon, wanda ake kira Studio 33 aka kuma sa mai sunan Bob Barker, ƙarami ne wallahi, a talabijin sai ki ɗauka fili ne guda amma a ido komai a matse yake, ga fitilu, ga sanyin na'ura kamar cikin firij. Sanƙiran shirin a lokacin Rich Fields ne, shi ya fara fitowa ya ɗumama mu, ya koya mana yanda ake sauka da inda ake tsayawa. Da aka fara kuwa ƙarar ta wuce misali, ba kya jin komai, shi ya sa wani ke tsayawa a gefen dandamali da babban kwali an rubuta sunan wanda aka kira, da ido ake gane an kira mutum ba da kunne ba.

Maganar Drew, tunda shi ne rigimar wannan shekarar. Gaskiya Mama tana da hujja ta wani ɓangaren. Bob ya iya jan rai, zai kai hannu zai buɗe farashi sai ya fasa ya juyo yayi wata magana har sai hantar mutum ta kaɗa, wasannin nan fiye da 70 kamar a tafin hannunsa suke. Drew a watannin farko bayanin doka yake zubowa da sauri kamar mai son ya sauke kaya, wani lokacin ya buɗe sakamako tun kafin gaban mutum ya gama faɗuwa. Amma akwai abun da ba'a gani sai an je, in aka tafi hutun talla ba ya ɓacewa bayan labule, gaban dandamali yake zuwa yana hira da mutane yana tambayar garinsu da sana'arsu yana tsokana, shi da kansa yana ƙyalƙyala dariya. A ganina Bob kamar shugaban makaranta ne da kowa ke so amma ana shakkarsa, Drew kuma ji za kiyi shi ma so yake ki kwashe kayan kamfanin ki tafi. Ga wadda ƙafarta ke rawa irina, na biyun ya fi sauƙi. Ya kuma riƙe siririn makirfo irin na Bob, da jan hankalin nan da Bob ke rufe shiri da shi na a kai karnuka da kyanwoyi a yi musu aikin hana haihuwa.

An yi wasa uku an juya wili na farko, wata babbar taya ce mai lambobi da waɗanda suka hau dandamali ke juyawa, ba'a kira ni ba, har na fara saki jiki ina kallo kamar kowa. Ana dawowa daga talla sai Yaya ta ɗaka mun duka a cinya tana nuna kwali tana cewa "ke! ke ce! tashi mana!" Matar da tace ba za tayi tsalle ba ita ce a tsaye tana ihu gyale a ƙasa. Ban san yanda akayi na isa gaba ba.

A layin tayi dokar ita ce sabon zuwa shi ke fara faɗa, sai a bi jere a zagayo, ba'a maimaita lambar da wani ya riga ya faɗa, in duk ku huɗun kun haura za'a ji wata ƙara a ce ku sake kowa ya sauko ƙasa da mafi ƙanƙantar lambar da aka faɗa, in kuma kin faɗi farashin cif cif akwai tukuicin dala 500 a take. Kenan ni ce ta farko, wajen da ya fi kowane muni, baki ji na kowa ba kuma kowa zai gina nasa a kan naki. Aka turo wani teburin cin abinci da kujerunsa, nace 800. Saurayin da ke bina yace 1,150, ta ukun tace 600, na ƙarshe wani dogon mutum ya kalli allon yace 801. Wallahi ji nayi kamar an watsa mun ruwan sanyi, dan ya bar mun lamba ɗaya tak a duniya, sai in farashin 800 ne daidai zan ci. Aka buɗe, 1,299. Saurayin ya ci, mai 801 ɗin ma bai samu ba.

A nan zan ɗan daɗe dan shi ne zuciyar abun. In ke ce ta ƙarshe wuƙa da nama na hannunki, kuma zaɓinki huɗu ne kawai, duk wata lamba bayan su ɓarna ce. Ko ki ce dala 1, ko ki ɗora dala ɗaya a kan ɗaya daga cikin ukun da suka riga ki. Dubi misalin can, an faɗi 600, 800 da 1,150. In kika ce 1 kin mallaki duk abun da ke ƙasa da 600. In kika ce 601 kin mallaki 601 zuwa 799. In 801 ne kin ɗauke har 1,149. In 1,151 ne kuwa daga nan har sama naki ne ba iyaka. Aikinki kawai ki duba wane fili ne farashin ya fi yiwuwa ya faɗa ciki ki tsaya a bakin ƙofarsa. Wanda yace 950 a wannan yanayin dan wai shi yake ganin kuɗin kenan, kyautar lambobi 149 yayi ma mai 800 a banza. Dogon nan ya gane dabarar, filin ne bai zaɓa daidai ba, kuma tunda mutane ƙasa suke ja kamar yanda na faɗa, ɗorawa a kan wanda ya fi kowa yawa ya fi ci a yawancin abun da na gani ina kallo. Dala 1 da ake ta yayatawa tana da daɗin ihu amma ba ta aiki sai in da gaske duk ukun sun yi sama.

Ba ni kaɗai na lura ba, a 1996 wasu masana tattalin arziki uku, Jonathan Berk da Eric Hughson da Kirk Vandezande, sun bi shirye shiryen wasan sun yi nazari, suka gano cewa masu tayin ƙarshe da yawa basa amfani da wannan damar duk da a fili take. Su lissafi suka duba, ni kuma da na tsaya a wajen ina ganin na san dalili, kara ce. Mutum na tsaye kafaɗa da kafaɗa da ke, kyamara na kanku, ki buɗe baki ki yanke shi da dala ɗaya, ba kowa ke iyawa ba, wani lokacin ma 'yan kallo har ihun rashin yarda suke. Mu da aka raina da kunya da ta ido abun ya fi mana nauyi. A Kantin Kwari in wata na taya atamfa ba kya sa baki sai ta bari ko mai kaya yace albarka, shiga cinikin wani abun kunya ne. A nan kuwa shiga cinikin wani shi ne wasan gaba ɗaya.

Tunda saurayin da ke bina ne ya ci, wanda za'a kira zai tsaya a gurbinsa ya fara, a zagayo a ƙare a kaina. Kun ga sa'a, daga ta farko na koma ta ƙarshe ba tare da na motsa ba. Na ɗaga kai na duba kwali, sai ga dattijuwar nan ta benci tana saukowa tana kuka tana dariya, ta zo ta rungume ni. Aka turo injin wanki da na busar da kaya, irin masu ƙofa a gaba, kuma na san su, suna cikin littafina ko da ba wannan samfurin daidai ba, na san dai sun haura 1,500 nesa. Ita ta fara, tace 1,500. Ta biyu tace 950, dogon yace 1,200. Aka zo kaina.

Na san amsar tun kafin a gama, amma bakina ya ƙi buɗewa. Na juya na dubi Yaya, ita da ke mun wa'azin mutunci kullum, sai na hango ta ta ɗaga yatsa ɗaya sama tana jijjiga shi kamar za ta tsaga rufi. Wata zuciyar tace ki ce 1,700 mana ki bar ma baiwar Allah ɗan fili. Amma in farashin ya faɗo 1,650 fa, na haura, na tashi a tutar babu saboda kunya, kuma saura tayi ɗaya ya rage a shirin gaba ɗaya wanda ban san a wane matsayi zan tsinci kaina ba. Nace 1,501. Na ji wani guuu daga baya, wasu na tafi. Aka buɗe, 1,898.

Har yau in aka ce mun ban kyauta ba bana yarda. Ita ta zo ne ta ci, ni ma haka, dokar a gaban kowa take, kuma da ita ce a ƙarshe ni a farko da na so tayi mun haka ba ta tausaya mun ba. Ita kanta dukan wasa ta kai mun a kafaɗa ta tura ni wajen matakala. A tayi na ƙarshe bata ci ba, wannan kam ya ɗan tsaya mun a rai a hanyar gida, ba zan ɓoye ba.

A dandamali Clock Game aka ba ni. Kaya biyu ne, daƙiƙa 30 gaba ɗaya, ki faɗi lamba mai gabatarwa yace sama ko ƙasa har ki cafke farashin, in kin gama na farko a tsayar da agogo sauran lokacin shi za ki yi na biyu da shi. Wannan ba sanin farashi yake so ba, tsari yake so, ki fara daga tsakiya ki dinga raba tazarar biyu, ɗari ɗari sannan hamsin sannan goma goma, in kin shiga goman ƙarshe ki jero su da gudu ba sai kin maimaita lambar gaba ɗaya ba. A falon Mama na sha yin sa a daƙiƙa goma. Abun da ban yi tsammani ba shi ne kaina da Hausa yake ƙirga, sai na lissafa a ciki sannan in juya shi in furta, ga mutum ɗari uku kowa na kwaɗa tasa lambar. Na farkon, wata kujerar hutawa, na same ta amma ta cinye mun fiye da rabin lokaci. Na biyun ina cikin goman ƙarshe ƙararrawa ta buga. Ta leƙo ta koma. Kujerar dai tawa ce, dan wanda kika ci ba'a karɓewa.

Sai wili. Mutum uku ne ke juyawa, wanda ya fi ƙarancin abun da ya ci shi ke farawa, kuma ni ce. Gida 20 ne a jiki daga santi 5 zuwa dala 1, ana so ki kusanci dala ɗaya a juyi ɗaya ko biyu ba tare da kin haura ba, kuma dole ya zagaya cikakke aƙalla sau ɗaya in ba haka ba a sake. Nauyi gare shi ba kaɗan ba, sai da na kama da hannu biyu na rataya. In kin samu dala ɗaya cif akwai 1,000 da ƙarin juyi wanda a lokacin ake iya cin 10,000, daga baya suka ɗaga shi zuwa 25,000. Nawa ya tsaya a 65, lambar da ta fi kowace sa mutum a tsaka mai wuya. Lissafin da masana suka yi cewa yayi na farko ya sake juyawa in yana da 65 ko ƙasa, ya tsaya in ya kai 70. Da ji kamar hauka, dan gida 7 ne kawai cikin 20 ba za su fasa ki ba. Amma in kin tsaya a 65 akwai mutum biyu a bayanki kowa da juyi biyu, damar ki tsira bata kai ɗaya cikin biyar ba, gara ki gwada tunda a gwajin har da damar dubun nan. Na sake juyawa ya ba ni 50. Shikenan, aka tafa mun na sauka. Wanda ya biyo ni 85 ya samu a juyi ɗaya, da na tsaya ma duk ɗaya ne.

Showcase, wato zagayen ƙarshe da waɗanda suka yi nasara a wili ke karawa, a zaune na kalle shi. Mutum biyu ne, kowa da tarin kayansa, mota ko tafiya ƙasar waje ko kayan ɗaki, wanda ya fi cin kaya a baya shi ke da zaɓin ya taya na farko ko ya tura ma ɗan'uwansa. Nan ma haurawa mutuwa ce, kuma a nan dala 1 ke da ma'ana sosai in kin tabbata abokin karawarki ya zarce. In kika kusanci naki da tazarar dala 250 ko ƙasa duka biyun naki ne. A ƙarshen wannan shekarar ta 2008 ne aka nuna wani mutum Terry Kniess ya faɗi 23,743 ya kuma dace cif ba ko dala ɗaya, abun da aka shekara talatin da wani abu ba'a gani ba, Drew ya karanta sakamakon ba wani ɗoki dan a bayan fage sun zaci an yi maguɗi. Ba maguɗi bane, akwai wani ɗan kallo Ted Slauson da ya haddace farashin kayan shirin shekara da shekaru yana wajen ranar, shi ma Kniess ɗin yace nazarin shirin yayi ta yi. Daga nan suka fara yawan canza kaya da samfuri, irin littafina ya rage amfani.

Bayan an gama aka kai mu da muka ci wani ɗaki aka zube mana takardu. Ba'a ba ki komai a hannu ranar, sai bayan an nuna shirin sannan kaya su iso gida, kuma kin sa hannu ba za ki bayyana sakamako ba kafin nan, wanda shi ne ya fi wahala dan Mama kullum sai ta titsiye ni. Kina da damar ki ce ba kya son wani kayan, kuma mutane na yi, saboda duk abun da kika karɓa ana lissafa shi a matsayin kuɗin shiga a kan cikakken farashin nan nasu mai tsada, ki biya haraji a kai. Masu cin mota su suka fi jin wannan, waɗanda ba mazauna Kalifoniya ba ma sai sun fara biyan harajin jihar kafin a sakar musu kaya. Ni matsalata daban ce, gidan hayarmu ba wajen haɗa injin wanki, a ƙasa ake wanki da kwabbai kamar kowa. Da suka iso ko kwali ban buɗe ba na sayar ma wata abokiyar aikina ƙasa da kuɗinsu, na cire na haraji na ajiye. Kujerar kuma Yaya ta mallake ta da hujjar wai yatsanta ne ya ci.

Labari kuwa kafin ya isa Kano ya zama na ci mota da gida a talabijin ɗin Amurka, har da masu kirana suna tayani murna suna sako maganar kuɗin makaranta a ƙarshe.

Bob Barker ya rasu a watan Agusta 2023 yana da shekara 99, a shekarar ne kuma shirin ya bar Television City ya koma wani situdiyo a Glendale, George Gray ne sanƙira tun 2011, Drew da ake cewa ba zai kai labari ba yana nan har yanzu. Dokarsu ta yarda wanda ya taɓa shiga ya sake gwadawa bayan shekara goma, nawa goman sun cika tuni, kuma Yaya ce yanzu ke matsa mun mu nemi tikiti, wai wannan karon za ta saki fuska.